Doka a Abuja, ɗawainiya a tsakar gida: yadda ake kula da yara, tsofaffi da masu nakasa a Najeriya

A ɗauki gida guda, irin wanda ake samu a kowace unguwa daga Gusau har Potiskum. Akwai tsohuwa da ta haura shekara 70, hawan jini ya kama ta. Akwai yaro ɗan shekara 3 da ba ya samun abinci mai gina jiki. Akwai kuma saurayi da shan inna ya taɓa masa ƙafa tun yana goye. A rubuce, kowannensu yana da dokar tarayya da aka yi dominsa: Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, dokar da ta kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa wadda aka sa wa hannu a 2018, da dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Amma idan aka tambayi maigidan wa ke sayen maganin tsohuwa, wa ke gyara keken saurayin in taya ta fashe, amsarsa ɗaya ce: shi ne, ko ɗan'uwan da ke nema a Legas.

Dalilin wannan tazara ba ya ƙarewa a kan cin hanci, duk da cewa cin hancin yana nan. Yadda aka gina tsarin tun daga tushe shi ya sa abin da ya kamata ya zama haƙƙi ya koma tallafi. Haƙƙi abu ne da mutum zai je kotu ya nema idan an hana shi. Tallafi kuwa sai an ga dama, sai an saki kuɗi, sai kuma sunanka ya fito.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya yi maganar waɗannan mutane ƙarara. Sashe na 16 ya ce gwamnati ta tsara manufofinta yadda kowane ɗan ƙasa zai samu matsuguni, abinci, kulawar tsufa da fansho, da walwalar masu nakasa. Sai dai wannan sashe yana cikin babi na 2, kuma sashe na 6 na kundin ya hana kotuna sauraron ƙara a kan ko gwamnati ta cika abin da babin ya ƙunsa. An yi alkawari da hannun dama, an janye da na hagu. A Afirka ta Kudu abin ya bambanta: sashe na 27 na kundinsu ya sa tallafin rayuwa cikin haƙƙoƙin da kotu ke iya tilastawa, shi ya sa kuɗin tsufa da ake fara biya daga shekara 60, da kuɗin renon yara, da kuɗin nakasa, ba sa tsayawa don an sauya minista.

Matsala ta biyu ita ce rabon iko. Walwalar jama'a ba ta cikin jerin abubuwan da tarayya ke da iko a kansu ita kaɗai, don haka yawancinta aikin jihohi ne. Majalisar tarayya ta yi Dokar Haƙƙin Yara, amma ƙarfinta kai tsaye bai wuce Abuja ba. Kowace majalisar jiha sai ta yi tata. Jihohin Arewa da dama sun ɗauki shekaru suna ja-in-ja, galibi a kan shekarun aure da batun riƙon yara, har Kano ba ta samu tata dokar kare yara ba sai 2023, shekara 20 bayan ta tarayya. Haka dokar masu nakasa take bin jihohi ɗaya bayan ɗaya. Wani abin da mutane ba su cika sani ba shi ne, jadawali na 4 na kundin ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa gidajen gajiyayyu da kula da su. Ke nan matakin gwamnatin da ya fi kowa talauci, wanda kuɗinsa ya daɗe yana maƙale a asusun haɗaka da jiha, shi aka bar wa aikin da ya fi kusa da mabuƙaci. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma ofishin walwala na sakatariya har yanzu a wurare da yawa tebur ne da kujera da jami'i guda ba babur.

Ƙofar shiga kusan duk wani shirin tarayya ita ce rajistar mabuƙata ta ƙasa, wadda aka fara haɗawa a 2016 da rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya. Yadda ake shiga cikinta ya cancanci a tsaya a kai, domin a nan ne ake rasa mafi yawan mutane. Da farko ana duba taswirar talauci a zaɓi ƙananan hukumomin da suka fi fama, sannan a jera garuruwan cikinsu. Sai tawaga ta je gari ta raba jama'a rukuni uku, maza, mata da matasa, kowane rukuni ya faɗi abin da ake kira talauci a garin, ya kuma lissafa gidajen da suka dace da wannan siffa. A haɗa jerin uku su zama ɗaya, a karanta a bainar jama'a. Bayan nan masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida da na'ura suna tambaya: da me aka yi rufin ɗaki, ina ake ɗebo ruwa, akwai makewayi, dabbobi nawa, maigida ya yi karatu. Kwamfuta ta ba kowane gida maki, ofishin jiha ya tura wa na tarayya.

A takarda tsarin ba shi da laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne, rajistar tana ƙirga gida ne, ba mutum ba. Tsohuwar da ke zaune a gidan ɗanta mai rufin kwano da babur za ta fito da makin mai hali, ko da kuwa ba ta ga naira ɗaya daga hannunsa ba a wata. Makin ba ya lissafa kuɗin da nakasa ke ci: kuɗin mota sau biyu saboda ɗan jagora, maganin farfaɗiya na kowane wata, ko matar da ta bar sana'a don jinyar yaro mai larurar ƙwaƙwalwa. Sannan taron da ake yi a ƙofar fada ko a filin makaranta, wa ke zuwansa? Kurma ba ya jin shela, gurgu ba ya isa wurin, matar da ke kulle sai abin da aka faɗa mata. Almajiri kuwa ba ya cikin gidan kowa a garin da yake kwana, don haka babu layin da za a rubuta shi. Ga kuma tsufan bayanai. Gidan da aka ɗauka a 2017 yana da rufin asiri, mai yiwuwa 'yan bindiga sun tashi ƙauyen a 2020, amma makinsa na nan yadda yake.

Kuɗin da aka riƙa biya ta wannan rajista naira 5,000 ne a wata, ana haɗa na wata biyu a ba uwargida 10,000. Wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga dala miliyan 322 na dukiyar Abacha da Suwizalan ta maido. Lokacin da aka fara, mafi ƙarancin albashi 18,000 ne. Ya koma 30,000 a 2019, adadin tallafin bai motsa ba, domin babu wata doka da ta ɗaure shi da tsadar kaya. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, gwamnatin Tinubu ta sanar da 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. A Yulin shekarar Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, inda gwamnoni ke zama, ta fito ta ce ba ta yarda da sahihancin rajistar ba. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu, aka kuma tsayar da shirye-shiryen gaba ɗaya don bincike. Da aka dawo, sai aka ƙara sharaɗin lambar NIN da asusun banki ko na waya. Sharaɗin yana toshe sunayen bogi, wannan gaskiya ne. Amma kuma tsohon da noma da tsufa suka share masa zanen yatsu, ko mai ciwon kuturta da ya rasa yatsun, na'urar tantancewa na iya ƙin karɓarsa sau uku, ofishin kuma tafiyar rabin yini ce. Wanda aka yi shirin dominsa shi ya fi saurin faɗuwa a wannan mataki.

A ɓangaren yara, komai yana farawa da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista, kuma Arewa ta fi baya. Katin rigakafi ko takardar da asibiti ke bayarwa ba ita ce ba, iyaye da yawa sai ranar buƙata suke gane haka. Shirin ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016 ya shafi 'yan aji 1 zuwa 3 na firamaren gwamnati, a kan naira 70 kowane kwano, aka kai shi 100 a 2022. Cikin wannan kuɗi mai dafawa za ta sayi shinkafa da wake da mai, ta sayi itace, ta biya ɗan acaɓa, ta fitar da ribarta. Idan farashi ya tashi, ba ta da inda za ta rage sai ludayi. Babban giɓin shirin ma ba nan yake ba. Tsumburewar yaro tana faruwa ne tun daga ciki har zuwa shekara 2, wato kafin ya san hanyar makaranta, kuma yaron da ba ya zuwa makaranta ba ya ganin kwanon ko kaɗan.

An taɓa gwada abin da ya dace da wannan giɓi a Jigawa da Zamfara, tsakanin 2013 da 2019, da kuɗin gwamnatin Birtaniya. Ana ba mace mai ciki naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har yaron ya kai shekara 2, tare da koyar da shayarwa da haɗa abinci. Ba a tambayar talaucin gida. Ciki shi ne shaida. Binciken da aka yi ya nuna tsumburewa ta ragu. Darasin da ke ciki mai sauƙi ne: sharaɗin da ido ke gani ya fi makin kwamfuta sauƙin tabbatarwa, ya kuma fi shi wuyar murɗewa.

Lafiya ita ce inda tsarin ya fi kama da haƙƙi, domin kuɗinta yana cikin doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kula da lafiya a matakin farko, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi, kimanin naira biliyan 55. Kusan rabi yana bi ta hukumar inshorar lafiya don biya wa marasa ƙarfi, kashi 45 yana zuwa asibitocin mazaɓu don magani, gyara da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta fayyace su wa ake nufi da masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara 5, mata masu ciki, tsofaffi, masu nakasa da gajiyayyu. Mutanen gidanmu uku duk sun shiga.

Sai dai shiga rukuni daban, samun kati daban. Hukumar inshorar jiha, irin KSCHMA a Kano, tana raba abin da ta samu da kuɗin inshorar mutum guda na shekara, wanda a tsarin farko naira 12,000 ne, abin da ya fito shi ne adadin gurabe. Mazaɓar da ke da mabuƙata dubbai sai ta samu guraben 'yan ɗaruruwa. Wa ke zaɓar sunayen? A ƙa'ida daga rajistar mabuƙata ake ciro su, a aikace kansila da shugaban jam'iyya na mazaɓa ba sa rasa ta cewa. Wanda ya samu katin kuma an ɗaure shi da asibiti guda a mazaɓarsa, asibitin yana karɓar wani ƙayyadadden kuɗi a kansa duk wata ko ya zo ko bai zo ba. Idan kuɗin ya yi jinkiri wata uku, ma'ajin magani ya bushe, sai a rubuta wa tsohuwa takarda ta je kemis. Katin yana aljihunta, kuɗin maganin daga aljihun ɗanta. Maƙwabtanmu na Nijar sun san wannan tun 2006 da aka ce magani kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 5: asibitoci suka yi ta aiki, gwamnati ta yi ta jinkirin maido musu da kuɗinsu, bashi ya taru.

Tsofaffi su ne aka fi bari a baya, kuma bayanin gajere ne. Najeriya ba ta da fanshon tsufa na kowa da kowa. Dokar fansho ta 2014 ta shafi mai albashi: a cire masa kashi 8, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara 10. Asusun da aka buɗe a wannan tsari sun ɗan haura miliyan 10, a ƙasar da kusan tara cikin goma na masu aiki manoma ne, 'yan kasuwa, masu sana'ar hannu. An buɗe ƙaramin fansho ga irinsu a 2019, amma na tara-da-kanka ne, kuma wanda ya riga ya tsufa ba shi da abin tarawa. Cibiyar Kula da Tsofaffi da ta fara aiki a 2021 ba ta biyan kowa kuɗi. Aikinta tsare-tsare ne da wayar da kai. Ekiti ta gwada biyan tsofaffi marasa galihu 5,000 a wata daga 2011, Osun ta bi da 10,000, amma irin waɗannan shirye-shirye suna bin ƙafar gwamnan da ya kawo su. Lesoto, ƙasar da ba ta kai jihar Kano yawan jama'a ba, tana biyan 'yan shekara 70 fansho tun 2004. Hujjar da ake kafawa a nan gida ita ce ai mu muna riƙe iyayenmu. Ana riƙewa, amma wanda 'ya'yansa suka rasu, ko tsohuwar da ba ta haihu ba, ko wadda aka raba da ƙauyenta tana sansanin gudun hijira, wannan hujja ba ta ba ta tuwon dare.

Dokar masu nakasa ita ta fi sauran haƙora. Ta sa tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko hukumar da ta nuna bambanci, 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum ɗaya. Ta ce karatu kyauta ne har sakandare, magani kyauta ne a asibitocin gwamnati ga masu larurar ƙwaƙwalwa, a ware musu aƙalla kashi 5 na guraben aikin gwamnati, a ba su fifiko a layi. Ta haramta yawo da mai nakasa don bara. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024, kuma duk wanda ya shiga sakatariya ko banki kwanan nan ya san matakalar bene tana nan daram. Inda aka yi hanyar keke ma, sau da yawa birkila ya yi ta da gangara kamar ta sauke buhu daga mota. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi ita ce duk tsayin mita 1 a ba shi tsawon mita 12; abin da ya fi haka tsayuwa, mai keke ba ya hawa shi kaɗai, saukowa kuma haɗari ne. Ƙofar makewayi da ba ta kai faɗin keke ba tana korar yarinya daga makaranta fiye da rashin littafi.

Kuɗin karatun nasu shi ma abin dubawa ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 na kuɗin shigar tarayya ga ilimin matakin farko, hukumar UBEC kuma ta daɗe tana ware kashi 2 na wannan ga ilimi na musamman. Wato cikin kowace naira 10,000 ta tarayya, naira 4. Da ita za a sayi allon rubutun makafi, a horar da malamin maganar hannu, a gyara makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano.

Jigawa ta yi wani abu da ya cancanci a ambata. Tun 2007, zamanin Sule Lamido, jihar ta fara biyan masu nakasa 7,000 a wata, da doka a bayansa, shi ya sa shirin ya tsallake sauyin gwamnatoci. Rauninsa shi ne ƙayyade gurabe daidai-wa-daida ga ƙananan hukumomi 27, kimanin 150 kowace a farkon shirin, ba tare da la'akari da yawan jama'a ba. In gurbi ya cika, sabon mabuƙaci sai ya jira wani ya rasu. A irin wannan rabo sarkin makafi da sarkin guragu suna da amfani ƙwarai, domin sun san mutanensu gida-gida fiye da kowane jami'i. Amma su ma waɗanda ke fita suka sani. Yaron da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki saboda kunya, da mai taɓin hankali da aka ɗaure da mari, ba su da sarki.

Gana ta bi wata hanya da shirinta na LEAP tun 2008. Gida matalauci yana shiga ne idan yana da maraya ko yaro mara galihu, tsoho ɗan shekara 65 zuwa sama da ba shi da mai taimako, ko mai nakasa mai tsanani, kuma duk wanda ya shiga ana yi masa rajistar inshorar lafiya kyauta. Sun kuma ware wani kaso na kuɗin da ake raba wa gundumomi ga masu nakasa. Nasu ma yana jinkiri, kuɗin kuma kaɗan ne, amma rajista ɗaya tana buɗe ƙofa biyu. A Najeriya gidanmu na farko zai bi layi huɗu: Hukumar Ƙidaya don takardar yaro, ofishin NIN don tsohuwa, hukumar inshorar jiha don kati, da takardar likitan gwamnati kafin hukumar masu nakasa ta ba saurayin shaidar da dokar 2019 ta tanada. Kowane layi da kuɗin motarsa da ranar aikin da za a rasa, kuma babu ofishin da ke ganin bayanan ɗan'uwansa. Hukumomin zakka na Kano, Sakkwato da Zamfara su ma suna da nasu jerin sunayen daban, wanda dagatai da limamai ke haɗawa, sau da yawa ya fi na Abuja sanin wace bazawara ce ke kwana da yunwa a wane lungu, kuma har yau ba a cika ɗora shi kusa da rajistar ƙasa a ga wa ya samu sau biyu, wa bai fito ko'ina ba.